Gajeren Fim: Jigo Daban, Labari Daban

Wayar da ke aljihun ɗalibin jami'a a yau ta fi kyamarar da aka ɗauki Turmin Danya da ita a Kano a 1990 fitar da hoto, nesa ba kusa ba. Manhajar tace hoto kyauta ake sauke ta, YouTube ba ya tambayar kowa takardar shaida, abokai kuma a shirye suke su fito ko ba a ba su ko sisi ba. Yawancin wahalar kayan aiki da na gaba suka sha ta kau. Abin da ya rage, wanda kuma ba a sayar da shi a kasuwar waya ta Farm Centre, shi ne labarin da za a ɗauka. A nan ne nake ganin matasanmu masu basira suna faɗuwa, kuma abin yana damuna, domin faɗuwar tana faruwa ne tun kafin a kunna kyamara.

Nakan zauna da masu son shiga harkar, sukan kawo mini abin da suka rubuta in duba. Kusan kullum da magana ɗaya ake farawa: "Malam, ina da labari a kan shaye-shaye." Wani nasa a kan auren dole ne, wani almajiranci, wata kuma mutuwar aure. Sai in ce, to madalla, wa ke shan? Me yake sha, a ina, da kuɗin wa? Yau da ya tashi da safe me yake nema, kuma wa ya tsaya masa a hanya? A nan akan yi shiru. Jigo yaron ya zo da shi, yana zaton labari ne. Shaye-shaye ba ya tafiya, ba ya jin yunwa, ba shi da uwar da zai ji kunyar haɗa ido da ita. Kyamara kuwa mutum kaɗai take iya ɗauka, mutumin da ke yin wani abu da hannunsa, a wani wuri, a wani lokaci.

Ban ga laifin yaran ba, domin na san inda suka gaji abin. Tun da fim ɗin Hausa ya tsaya da ƙafarsa ake zarginsa da ɓata tarbiyya, zargin kuma ya ƙaru bayan Sangaya ya fito a 1999, rawa da waƙa suka zama ruwan dare. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. Ɗan fim ya koyi kare kansa da cewa faɗakarwa yake yi. Ya faɗa a gidan rediyo, ya faɗa wa surukinsa, ya yi ta faɗa har shi kansa ya yarda cewa darasin shi ne fim ɗin, labari kuwa ɗan rakiya ne. Daga baya ƙungiyoyin agaji suka shigo da kuɗi suna neman gajerun fina-finai a kan rigakafi da tazarar haihuwa da zaman lafiya. Aikinsu yana da amfani, amma ya ƙara dasa wa matasa tunanin cewa gajeren fim sanarwa ce da aka sa wa 'yan wasa. Shi ya sa za ka ga fim na minti goma, bakwai daga ciki wani dattijo ne zaune a tabarma yana yi wa saurayi nasiha, saurayin ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda ya daina. Mai kallo ya san wannan ƙarshen tun a minti na farko, don haka sai ya shafa wayarsa ya wuce.

Akwai kuma waɗanda suka zo da labari na gaske, amma na dogon fim. Su ma gado ne. Masana'antarmu a doguwar tafiya ta ginu, daga kaset na ɗaya da na biyu da na uku zuwa shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, da Labarina, da Izzar So. Yaron da ya tashi yana kallon waɗannan, in aka ce ya yi fim na minti goma sha biyar, sai ya so a haifi jarumi, ya girma, ya yi soyayya, a hana shi yarinyar, ya yi arziki, ya dawo ya rama. Yana son juye ruwan randa ne a moɗa. Da zarar na ga an rubuta "bayan shekara ashirin" a shafi na biyu, na san babu wani sin da zai sami sararin numfashi, kuma ba za mu zauna da kowa a fim ɗin har mu damu da shi ba.

Fim ɗin da nake yawan ba su labarinsa shi ne Borom Sarret na Usman Sembene, ɗan Senegal, wanda ya fito a 1963. Tsawonsa kusan minti ashirin ne, kuma ana lissafa shi cikin fina-finan farko da baƙar fata ɗan Afirka ya shirya a ƙasarsa. Sembene marubucin littattafai ne kafin ya je Mosko ya koyo aikin fim, kuma abin da ke cin sa a rai babba ne: an ba Senegal 'yanci a 1960, amma talaka bai ga canji ba. Da wani ne, da sai ya tara 'yan siyasa da malamai a ɗaki su yi ta muhawara. Shi kuwa mai amalanken doki ya ɗauko, ya bi shi yini ɗaya a birnin Dakar. Mutumin ya yi sallar asuba ya fita neman na cefane. Ya kwashi 'yan unguwa waɗanda ba su biya ba. Ya kai mace mai naƙuda asibiti. Ya ɗauki wani uba da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta, mai gadi ya hana su shiga saboda takarda. Wani maroƙi ya yi wa kakanninsa kirari, kansa ya kumbura, ya miƙa masa ɗan abin da ya samu. Daga nan wani mai kwat ya nemi ya kai shi Plateau, unguwar manya, inda aka hana amalanke shiga. Ya san da dokar, amma yana bukatar kuɗin. Ɗan sanda ya tare shi, aka ƙwace amalanken, mai kwat ya shige mota ya tafi bai biya ba. Ya koma gida yana jan doki, aljihu wayam. Matarsa ta miƙa masa yaro ta fita, tana mai alkawarin cewa za a ci abinci a daren. Ba a faɗa mana inda za ta ba.

Wannan fitar ta matar ta fi duk wata huɗuba a kan talauci nauyi, kuma ba ta kai minti ɗaya ba. Ta yi nauyi ne saboda mun yini tare da mijin, mun san abin da ya fita nema, mun ga kowane kwabo da ya shigo da yadda ya fita. Mutumin ma ba waliyyi ba ne, yana da son a yabe shi, ya kuma bar uban nan da gawar ɗansa a ƙofar maƙabarta ya yi gaba. Saboda haka muka yarda da shi. Jigon yana nan daram, mulkin mallaka da ya sauya riga, amma daga cikin yinin mutum ɗaya ya tsiro.

Akwai wanda ya fi wannan ƙanƙanta. Fim ɗin farko na Abbas Kiarostami na ƙasar Iran, a 1970, bai wuce minti goma sha ɗaya ba, kuma babu magana a cikinsa. Yaro ne aka aika sayen burodi, a hanyar dawowa kare ya tsare masa lungu. Ya tsaya yana jiran babban da zai bi, wanda ya zo ya kauce wata hanya. Ƙarshe ya gutsura burodin ya jefa wa karen, karen ya raka shi har ƙofar gida, aka rufe ƙofa, ya kwanta a waje, sai ga wani yaron ya shigo lungun. Shi ke nan. Duk wanda aka taɓa aika a lungunan Fagge ko Birnin Zazzau yana yaro ya san wannan tsoron a cikinsa. A maƙwabciyarmu Nijar ma, Mustafa Alasan ya yi wani a 1966 mai kusan rabin awa, a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Akwati ɗaya ya ishe shi ya yi magana a kan abin da kwaikwayon fina-finan waje ke yi wa matasa, shekaru da dama kafin mu fara kukan wankiyar fina-finan Indiya a Kano.

Amalanke, burodi, akwati. A kowanne akwai wani abu da ido zai kama, wanda labarin ke rataye a jikinsa. Mutanenmu sun ce gani ya kori ji, kuma babu sana'ar da maganar ta fi dacewa da ita kamar wannan.

Ga yadda nake so a riƙa juya tunani kafin a rubuta ko layi ɗaya. A ce wani ya zo mini da jigon cin amana tsakanin masu sana'a da abokan cinikinsu. Sai mu nemi mutum. Tela ne, a daren jajibirin Sallah, wanda kowa ya san halin da shagon tela ke ciki a wannan dare. To, tela ya cika alkawari ko bai cika ba? Har yanzu wannan bai zama labari ba, domin babu abin da ke matse shi. Sai mu ɗauke wuta. Man da ya rage a janareta na aikin wuyan riga ɗaya ne, gidajen mai sun rufe, 'yan bumburutu sun tashi. Riguna biyu suka rage a kan tebur. Ɗaya ta wani mai gadin makaranta ce, wanda ya biya kuɗinsa cas tun kafin azumi, ya yi ta zuwa ana ce masa gobe, bai taɓa ɗaga murya ba. Ɗayar ta ɗan telan ce, yaro ɗan shekara bakwai, wanda bara ma da tsohuwar riga ya je Idi, yanzu kuma ga shi can ya yi barci a kan tarin ƙyallaye yana jiran tasa.

A daidai nan ne marubutanmu kan yi saurin mayar da mai rigar wani Alhaji mai girman kai da zagi, don mai kallo ya san wanda zai ƙi. Da an yi haka labarin ya mutu, domin zaɓin ya zama mai sauƙi. Ƙarfinsa yana cikin cewa kowa yana da gaskiya. Mai gadi yana da hakki, yaro ma yana da hakki, asuba kuma tana matsowa. Babu mugu a shagon, amma mai kallo ba zai iya kau da ido ba. Sai kuma jarabawa ta biyu, wato ƙarshe. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin kawo wani attajiri da asuba ya ga halin kirkin telan ya ba shi kyautar sabon keke da kujerar Makka. Irin wannan ƙarshen daga waje yake faɗowa, bai fito daga mutumin da muka kwana da shi ba. Ni da zan rubuta, telan zai ƙarasa rigar mai gadi da ɗan man da ya rage. Janareta ya mutu. Sai ya ɗauko tasa rigar Sallar ta bara, wadda da ma aikinta yana jiki, ya shimfiɗa, ya sa almakashi, ya rage ta daidai yaro da keken ƙafa da fitilar waya. Da safe ya bi sahun Idi da tufafin aikinsa, yaro yana gefensa. Ba a bukatar ko jimla ɗaya ta nasiha. Wani marubucin zai iya zaɓar wani ƙarshen, ya sa telan ya zaɓi ɗansa sannan ya fuskanci mai gadi a ƙofar shago, kuma zai iya fin nawa kyau. Sharaɗin kawai shi ne ƙarshen ya fito daga hannun telan, kuma ya biya wani abu a kansa.

Shago ɗaya, dare ɗaya, mutum uku. Wannan ma yana cikin ƙarfin tunanin, ba ragi ba ne. Labarin da ke bukatar asibiti da kotu da ɗaurin aure da hatsarin mota, alhali kuɗin da ke hannunka bai wuce na abincin ma'aikata na kwana biyu ba, zai fito a gurguje, kotun ta zama falon gidan yayarka. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya san cewa kowane sauyin wuri yana cin rabin yini, ga ƙarar A Daidaita Sahu da injin markaɗe suna shiga sauti. Gara tun a takarda ka auna labarin da aljihunka.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke barin dukiyar da ke gabanmu. Rayuwar Bahaushe cike take da abubuwan da ba a faɗa. Akwai kunya, akwai kara, akwai surukin da ba a cin abinci a gabansa, akwai matar da ba ta kiran sunan miji. Fim kuwa ba shi da abin da ya fi so kamar mutumin da zuciyarsa ta cika amma bakinsa a rufe. Duk da haka jarumanmu sai su zauna a kujerun falo su yi ta bayyana abin da ke ransu dalla-dalla, abin da ba ma yi a gidajenmu. A gidaje da yawa har yau uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane. To a ce irin wannan uwar ta rako ɗan nata tasha zai tafi ci-rani Legas. Sun yi sallama a taƙaice, kamar baƙi. Mota ta tashi, sai ta tuna da kuɗin da ta ƙulle masa a bakin zane, wanda ta sayar da akuyarta ta haɗa. Tasha cike, hayaniya ko'ina, yana can bayan mota bai waiwayo ba, kuma hanya ɗaya ce ta rage mata: ta ɗaga murya ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar suna. Fim ɗin gaba ɗaya tafiya ce zuwa wannan daƙiƙar. Ba sai ka je Mumbai ka wanko ba, kuma babu ɗan Indiya ko Bature da zai riga ka rubuta shi.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini. Mu Musulmi ne, al'ummarmu tana cikin matsaloli, ba mu da lokacin labari don labari, dole fim ya koyar. Ban musa cewa labari yana gyara mutum ba, abin da nake musu a kai shi ne hanyar. Ba ina kwatanta littafin Allah da fim ba, Allah ya kiyaye, amma duk wanda ya saurari tafsirin Suratu Yusuf a watan azumi ya san yadda masallaci kan yi tsit. Ƙissa ce daga farko har ƙarshe, kuma riga tana tafe a cikinta: wadda aka shafa wa jinin ƙarya, wadda aka yage ta baya, da wadda aka jefa a fuskar mahaifi ya sami gani. Darasin haƙuri da yafiya yana shiga zuciya ne saboda mun bi yaron tun daga rijiya. A namu adabin ma, Abubakar Imam ya cika Magana Jari Ce da hikima, amma yaran makaranta saboda daɗin labaran suke buɗe littafin, hikimar kuma ta bi su gida. Yaran da ke tashe a azumi sun san wannan ba tare da an koya musu ba: cikin minti biyu a ƙofar gida za su kwaikwayi mai rowa ko malalaci, a yi dariya, wanda abin ya shafa kuma ya ji a jikinsa.

Wasu kuma cewa suke gajeren fim ba ya kawo kuɗi, me zai sa a ɓata makonni ana tunanin labarinsa. Gaskiya ne ba ya kawo kuɗi kai tsaye, kuma gajeren barkwancin TikTok ya fi shi saurin tara mabiya. Amma shi ne takardar shaidar darakta. Sembene da shi ya fara kafin ya yi dogayen da duniya ta san shi da su. Bikin FESPACO da ake yi a Wagadugu tun 1969 yana da kyauta ta musamman ga gajerun fina-finai, AFRIFF a Legas da Zuma a Abuja suna karɓarsu, masu ba da kyautar Oscar ma suna da rukunin fim ɗin da bai wuce minti arba'in ba. A 1956 wani Bafaranshe, Albert Lamorisse, ya yi fim na minti talatin da huɗu a kan yaro da jar balan-balan a titunan Faris, kusan babu magana a ciki, kuma kyautar Oscar da ya ci ta rubutun labari ce, a gasar da ya kara da dogayen fina-finai. Alƙalan irin waɗannan wurare suna kallon ɗaruruwa, kuma sun saba yafe hoto mai ɗan duhu. Labarin da suka san ƙarshensa tun farko ne ba sa yafewa.

Gwajin da nake ba kowa ba ya cin ko kwabo. Ka je majalisarku da yamma, ka ba da labarin da baki cikin minti biyu, kada ka ce fim ne, kada ka ambaci darasi. Ka tsaya a tsakiya ka yi kamar an kira ka a waya. In wani ya riƙo rigarka ya ce "to sai me ya faru?", kana da abin ɗauka. In kuwa suka ce "Allah ya kyauta" suka koma hirar ƙwallo, ka koma ka sake zama da shi. Bayan nan ka tambayi kanka ko kurma zai gane abin da ke faruwa in ya kalla, domin in sai an ji magana za a gane, wasan rediyo ka rubuta.

Ina da roƙo ga masu koyar da harkar a Jami'ar Bayero da Cibiyar Koyon Fim ta Jos, da ƙungiyoyin masu shirya fim irin su MOPPAN, da duk mai shirya wa matasa gasa. A daina fara neman fim ɗin da aka riga aka ɗauka, domin a lokacin an kashe kuɗin, gyara kuma ya wuce. A fara da neman shafi ɗaya: wane ne, me yake nema, me ya hana shi, zuwa yaushe, kuma me zai rasa. A zauna da masu shafukan da suka yi fice na mako biyu ko uku tare da gogaggen marubuci, a biya marubucin kuɗin zamansa kamar yadda ake biyan mai kyamara, sannan a saki kuɗin ɗauka.